Yara da Ƙasa: Tambayoyi da Amsoshi kan Koya wa Ƙananan Yara Noma Marar Sinadari

Duk lokacin da maganar sa yaro a lambu ta taso, iyaye da malamai sukan yi tambayoyi masu kama da juna. Wasu tsoro ke damunsu, wasu rashin fili, wasu kuma ba su san ta inda za su ɓullo wa al'amarin ba. Ga tambayoyin, an amsa kowace gwargwadon nauyinta. Yaran da ake nufi su ne 'yan shekara biyu zuwa takwas.

Mene ne noma marar sinadari, kuma yaya zan bayyana wa ɗan shekara huɗu?

Shi ne noman da a kasuwannin duniya ake kira oganik. Manomi ba ya zuba takin zamani, ba ya fesa magungunan ƙwari da na ciyawa da aka haɗa a masana'anta, ba ya shuka irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Yana ciyar da ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da takin dabbobi, yana sauya abin da yake shukawa shekara bayan shekara, yana barin tsuntsaye da ƙwari mafarauta su rage masa ɓarna. Ƙungiyar IFOAM, wato ƙungiyar masu noman oganik ta duniya, wadda aka kafa a Faransa a 1972, ta taƙaita manufar wannan noma a 2005 cikin abu huɗu: lafiya, daidaiton muhalli, adalci da kulawa.

Wannan bayanin naku ne, manya. Ɗan shekara huɗu jumla ɗaya ta ishe shi: "Mu ba ƙasa abinci, ƙasa ta ba shuka, shuka ta ba mu." Kada ku fara masa da jerin abubuwan da ba a yi. Yaron da bai taɓa ganin buhun taki ba, in kuka ce masa "mu ba ma zuba shi", ba ku gaya masa komai ba. Ku fara da abin da hannunsa zai taɓa.

Daga shekara nawa ya kamata a fara?

Da zarar ya iya tafiya da riƙe kofi. Ɗan shekara biyu zai yi ban ruwa da ɗan gwangwani, zai tona ƙasa, zai tsinci busasshen ganye. Sai dai komai baki yake kaiwa, wani lokaci ma hanci ko kunne, saboda haka ba a bar masa ƙwayar iri a hannu a juya baya. Daga shekara uku zuwa biyar zai iya yin shuka da kansa ya kula da tukunyarsa. Daga shida zuwa takwas sai a ba shi ɗan kwalinsa, wato ɗan filin shuka nasa na kansa, ya auna tsayin shuka, ya zana ta, ya ƙirga ganyenta. Minti goma ko sha biyar kullum sun fi awa biyu sau ɗaya a mako.

Wannan ba sabon yayi ba ne da zai wuce?

A'a. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna "lambun yara" a 1840, ya tsara a ba kowane yaro ɗan filinsa na shuka, ga kuma na haɗin gwiwa. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, ta sa kula da tsirrai da dabbobi cikin aikin yau da kullum. Shi kansa noma marar sinadari na zamani, ɗaya daga cikin iyayensa, Albert Howard, Bature ne ɗan Ingila da aka tura Indiya ya inganta noma, sai ya koma yana koyo daga manoman da ya tarar. Kafin su duka kuwa, ai na duƙe tsohon ciniki ne. Yara sun daɗe suna koyon shuka a bayan iyayensu tun ba a san makaranta ba. Abin da ya sauya shi ne yara da yawa yanzu suna tasowa ba su taɓa ganin yadda abin da suke ci ke fitowa ba.

Ba mu da gona, ko ɗan fili ma babu. Me za mu yi?

Tsohon bokiti, buhu, gwangwani, fasasshiyar tukunya, duk lambu ne in an huda gindinsu ruwa ya riƙa fita. Abin da ake bukata shi ne wurin da rana ke samu kamar awa shida a wuni. Ku dai guji mazubin da aka taɓa zuba fenti, mai ko maganin ƙwari a ciki, ko da an wanke. Ni a ganina tukunya ɗaya da yaro zai ce "tawa ce" ta fi babban lambun da sai dai ya yi kallo daga nesa.

Wane iri za mu fara shukawa?

Wanda ya cika sharuɗɗa uku: ƙwayarsa babba ce, yana tsirowa da wuri, kuma ana cin abin da ya haifa. Wake ya cika su duka. Cikin mako guda ya fito, kuma in kuka sa ƙwaya biyu a cikin kwalba tsakanin gilashi da jiƙaƙƙiyar auduga, yaro zai ga abin da ƙasa ke ɓoyewa: saiwa ce ke fara fita, ta nufi ƙasa, sannan tsiro ya nufi sama. Ku kwantar da kwalbar a gefe, bayan kwana biyu saiwar ta karkata ta sake nufar ƙasa. Yara ba sa gajiya da wannan.

Wake yana da wani sirrin. Idan ya girma, ku tuge guda ɗaya a hankali ku wanke saiwar, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ku fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Wasu ƙananan halittu ne ke zaune a ciki suna kamo naitirojin daga iska su mayar da shi abincin shuka. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa kai tsaye sai da taimakon irin waɗannan. Ga yaro kuwa sai a ce: "Wake yana da baƙi a saiwarsa, yana ba su masauki, suna ba shi abinci." Da wannan kun koya masa dalilin da ya sa manomi ke shuka wake a inda ya girbe masara.

Bayan wake sai masara, kabewa, tumatir da latas. Masara da wake da kabewa a wuri guda tsohuwar dabara ce ta mutanen asali na nahiyar Amurka, suna kiransu 'yan uwa mata uku: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa da bushewa. Karas yana da daɗin tugewa, amma yakan yi mako biyu ko uku kafin ya tsiro, a bar shi sai yaro ya saba da jira.

Yaya zan nuna masa cewa ƙasa tana da rai?

Nan ne ginshiƙin abin duka, don haka zan ɗan daɗe. Mu manya mun saba ɗaukar ƙasa a matsayin datti, abin kakkaɓewa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 95 cikin 100 na abincin ɗan Adam daga ƙasa yake fitowa, kai tsaye ko ta hanyar dabbobi, kuma akan shafe har shekara 1,000 kafin a samu santimita 2 zuwa 3 na ƙasar sama. Cokali ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da halittun da ido ba ya gani fiye da yawan mutanen duniya. Amma lissafi ba ya shiga kan ɗan shekara biyar. Gani ya kori ji.

Ku ɗebo ƙasa daga wuri biyu, ɗaya daga ƙarƙashin tarin ganye mai laima, ɗaya daga hanyar da ƙafa ta daddaɓe. Ku baza kowace a kan farin ƙyalle. Ku bar yaro ya sunsuna, ya murza, ya ƙirga abin da ke motsi. Kada ku gaya masa wadda ta fi, ku tambaye shi: "In kai iri ne, a wacce za ka so ka kwana?"

Wata rana ku binne abu uku, ɓawon ayaba da guntun takarda da leda, ku kafa wa kowane tsinke don shaida, ku riƙa yayyafa ruwa. Bayan wata ɗaya ko biyu ku tono tare. Ɓawon ya tafi ko ya kusa, takardar ta lalace, ledar tana nan yadda aka binne ta. Ba na jin akwai wa'azi a kan zubar da shara da ya kai wannan tonon. Yaron da kansa zai tambaya: "Wa ya cinye ayabar?" Daga nan kun samu ƙofa.

Sai tana. Ku cika kwalba da ƙasa da yashi hawa-hawa, ku sa tana biyu ko uku da ganye a sama, ku jiƙa, ku naɗe kwalbar da baƙin ƙyalle saboda tana ba ta son haske. Bayan mako guda za a ga hanyoyin da suka haƙa, hawa-hawan sun fara cakuɗewa. In an gama kallo a mayar da su inda aka ɗauko su, yaron ne zai mayar da hannunsa, domin mayarwar ma darasi ce. Masanin halittu Charles Darwin ya shafe kimanin shekara 40 yana lura da tana, littafinsa na ƙarshe a 1881 a kanta ne. Har busa aka yi musu a gidansa don a ga ko suna ji, ba su motsa ba, amma da aka ɗora tukunyarsu a kan fiyano aka kaɗa, sai suka shige rami saboda girgiza. Yara suna son wannan labarin, kuma yana nuna musu cewa babban masani ma durƙusawa ya yi ya kalli abin da wasu ke takawa.

Yaya ake haɗa taki da yara ba tare da wari da ƙuda ba?

Taki yana son abu huɗu: busasshe, ɗanye, laima da iska. Busasshe shi ne busasshen ganye, kara, takarda marar sheƙi. Ɗanye shi ne ɓawon kayan lambu da sabuwar ciyawa. A sa busasshe ya fi yawa, kamar kashi biyu ko uku ga kashi ɗaya na ɗanye, kuma duk lokacin da aka zuba ɗanye a rufe shi da busasshe. Laimar kamar ta matsattsen tsumma, ba jagab ba. A juya tarin duk mako ko biyu. Nama, kifi, mai, madara da kashin kare ko kyanwa ba sa shiga. In wari ya tashi, ruwa ko ɗanye ne ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye a juya.

Aikin yaro shi ne kai ɓawo kullum da rufe shi. Idan tarin babba ne, bayan 'yan kwanaki ku buɗe tsakiyarsa ya kai hannu kusa ya ji ɗumi. Zai yi mamaki, ba wuta ba rana. Halittun da ke cin ganyen ne ke fitar da zafin, kuma tari mai kyau yakan kai digiri 55 ko fiye a ma'aunin Salshiyos, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Bayan wata biyu zuwa shida za a samu baƙin taki mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama.

Ɗanyen kashin dabbobi kuwa aikin manya ne, yaro ba ya taɓawa, don yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa mai tsanani. Dokar noman oganik ta Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. A lambun yara mafi sauƙi a yi amfani da wanda ya riga ya ruɓe sarai.

Ɗana duk ƙwaron da ya gani sai ya take shi, 'yata kuma ihu take yi. Yaya zan yi da su?

Su biyun ciwonsu ɗaya ne, rashin sani, kuma sau da yawa daga wurinmu suka kwasa. In uwa ta yi tsalle don ta ga gizo-gizo, yarinya ta koyi darasi ba tare da an ce uffan ba. Ku fara da kanku.

Sannan ku ba kowace halitta aikinta. Gizo-gizo yana kama ƙuda da sauro. Kwaɗo da ƙadangare suna cin ƙwarin da ke cin ganye. Ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi yana cin ƙananan ƙwari masu tsotse ruwan ganye, gommai a rana ɗaya. Ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in manyan amfanin gona na duniya suna cin moriyar wannan aiki, ko kaɗan ko da yawa. Kabewa tana nuna wannan a fili, domin furenta biyu ne, namiji da mace, macen tana da ɗan ƙullutu a gindi. Ku rufe macen fure ɗaya da jakar takarda tun kafin ta buɗe, ku bar wata a sake. Wadda ƙudan zuma ya ziyarta za ta zama kabewa, rufaffiyar kuma ƙullutunta zai yanƙwane ya faɗi.

Mai takewa a ba shi muƙamin mai gadi, a ba shi kofi da takarda ya riƙa kwashe ƙwaro daga hanya. Mai tsoro kada a tilasta mata taɓawa, kada kuma a yi mata dariya. Ta kalla daga nesa, gobe ta matso taki ɗaya. Su duka a koya musu cewa akwai waɗanda ake girmamawa daga nesa: maciji, kunama, zirnako, da tsutsa mai gashi. Ba a taɓawa, ba a jifa, a ja baya a kira babba.

Muna ce masa ya ji tausayin halitta, ga shi tsutsa tana cinye shukarsa. Mu kashe ko mu bari?

Wannan ita ce tambaya mafi wuya, kuma yara sukan gano saɓanin kafin mu. Kada a yi musu ƙarya. Noma, kowane iri ne, akwai kisa a cikinsa: ciyawar da aka cire ma rai gare ta. Abin da ake koya wa yaro shi ne iyaka. Ba ma kashewa don wasa, ba ma azabtarwa, ba ma kashe abin da bai yi mana ɓarna ba, ba ma kuma zuba abin da zai hallaka mai laifi da marar laifi gaba ɗaya.

A aikace akwai matakai. Na farko rigakafi: ƙasa mai ƙarfi, shuka iri-iri a haɗe, furanni a gefe don jawo ƙwari mafarauta, raga a kan ƙananan shuka. Na biyu hannu: a duba bayan ganye da safe, a tsince tsutsa a kai nesa ko a ba kaji, a wanke ƙananan ƙwari da ruwa. Wannan yara sun fi mu iyawa, idonsu ya fi kaifi kuma sun fi kusa da ƙasa. Sai abin ya gagara babba ya fesa ruwan sabulu ko na dogon yaro, da yamma bayan ƙudan zuma sun tafi, yaro na gefe.

Akwai abin da nake so ƙwarai: a ware shuka ɗaya a ce ta tsutsa ce. A bar ta ta ci. In an yi sa'a yaro zai ga ta naɗe kanta, bayan kwanaki ta fito da fukafuki. Daga ranar zai san cewa maɓarnaciyar jiya ita ce mai kai garin fure ta gobe, kuma hukuncinsa a kan halittu zai daina zama na gaggawa.

Shukarsa ta mutu, yana ta kuka. In sauya masa wata a ɓoye?

Kada ku sauya. Ku bar shi ya yi kukansa, domin kukan shaida ne cewa ya damu. In ya huce ku tuge ta tare ku duba saiwar. In ta yi baƙi ta ruɓe, ruwa ne ya yi yawa, kuma wannan shi ne ajalin yawancin shukar yara, don ƙauna takan sa su ban ruwa sau biyar a rana. Ku koya masa cusa yatsa a ƙasa: in da laima, a bari sai gobe. Matacciyar a kai ta tarin taki ta zama abincin ta gaba. Kuma tun farko a shuka ƙwaya uku ko huɗu.

In gaya masa takin zamani guba ne, masu amfani da shi kuma ba su kyauta ba?

A'a, domin ba gaskiya ba ne, kuma ranar da ya gano haka zai yi shakkar sauran abin da kuka koya masa. Tun da Fritz Haber ya gano hanyar kamo naitirojin daga iska a 1909, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913, takin zamani ya ciyar da jama'a masu ɗimbin yawa. Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya a yau da amfanin da aka noma da shi suke rayuwa. Noma marar sinadari kuma a matsakaici yakan ba da amfani ƙasa da na zamani da kimanin kashi 20 cikin 100, ko da yake tazarar ta danganta da irin shuka da ƙwarewar manomi. Ƙasar Sri Lanka ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021, noman shinkafa da shayi ya faɗi, aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare.

Ɗaya gefen ma gaskiya ne. Takin da ya yi yawa ruwa kan kwashe shi zuwa koguna da teku, gansakuka ta yi yawa, iskar cikin ruwa ta ƙare, kifi ya mutu ko ya gudu. Maganin ƙwari na DDT, wanda Rachel Carson ta ja hankalin duniya a kansa a 1962, ya sa ɓawon ƙwan wasu tsuntsaye ya yi laushi har yana fashewa a sheƙa, Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Kuma kasancewar abu daga tsiro ko dutse ya fito ba ya mayar da shi marar illa: wasu magungunan da aka yarda da su a noman oganik ma suna kashe kifi da ƙudan zuma in an yi ganganci.

Ga yaro sai a ce: "Manoma suna da hanyoyi daban-daban. Mu mun zaɓi wannan don muna son tana da ƙudan zuma su zauna tare da mu." Ba na son yaron da zai tashi yana raina manomin da ke ciyar da shi.

Waɗanne haɗurra zan kiyaye?

Ruwa ne na farko. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba, shiru ba tare da ihu ba, saboda haka bokiti, randa da rijiya a rufe ko a zubar. Na biyu irin da aka shafa wa magani, wanda akan rina shi ja, shuɗi ko kore: ba na hannun yara ba ne. Na uku tsirrai masu guba, irin su zurma da zaƙami, a cire su daga inda yara ke wasa, a kuma kafa doka ɗaya: ba a cin komai daga lambu sai an nuna wa babba. Ƙasar da ke gindin tsohon gini mai fenti, bakin babban titi ko inda ake fasa batir tana iya ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yaro ko da kaɗan ce. A irin wannan wuri a yi shuka a mazubi da ƙasar da aka kawo daga wani wuri. Sauran sanannu ne: takalmi, hula, guje wa tsakar rana, wanke hannu da sabulu, wanke abin da aka girba, rufe ciwo kafin a taɓa ƙasa, da tabbatar da cewa allurar rigakafin yaro ta cika. Duk wani maganin feshi, na masana'anta ko na gida, a kulle shi, kuma kada a taɓa zuba shi a kwalbar abin sha.

Ina iyakar koyarwa, ina farkon bautar da yaro?

Tambaya ce mai kyau, don ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF na 2020 ya nuna a lokacin yara miliyan 160 ne ke aikin da bai dace da su ba, kashi 70 cikin 100 a harkar noma. Ma'aunin a bayyane yake. In aikin yana hana shi makaranta, barci ko wasa, in ya fi ƙarfinsa, in akwai kaifi, inji, feshi ko kaya mai nauyi, in kuma ba shi da ikon cewa ya gaji, an tsallake iyaka. Kada kuma a mayar da cire ciyawa horo. Yaron da aka tura lambu don ya yi laifi zai tsani lambu.

Ya tambaye ni: itace me yake ci har ya yi wannan girma?

Yawancin manya za su ce ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar da a yau ake kira Beljiyam, Jan Baptist van Helmont, ya gwada a ƙarni na 17. Ya dasa ɗan itace a tukunya bayan ya auna ƙasar, ya yi shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya kai giram 60 ba. Ya ɗauka ruwa ne kaɗai. Daga baya aka gano cewa ganye yana amfani da hasken rana ya haɗa ruwa da wata iska da muke fitarwa in mun yi numfashi, da su yake gina jikinsa, ya saki iskar da muke shaƙa. Ku ce wa yaro itace da iska da ruwa da rana ake gina shi, ƙasa kuma tana ba shi ɗan gishirin da ba ya yi sai da shi. Ku kifa kwali a kan ciyawa na mako guda ku ɗaga, ya ga ta yi fari-fari.

In ba shi labarin sauyin yanayi da ƙarewar dazuzzuka?

Ba yanzu ba, sai in shi ya tambaya, sannan a amsa a taƙaice da gaskiya. Ɗan shekara biyar ba shi da abin da zai yi da wannan labari sai tsoro. In ana son labari, a ba shi na Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta fara dashen itatuwa da mata a 1977, aka dasa miliyoyi, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Sannan a dasa ɗaya tare da shi.

Ni malama ce, ajina cike yake. Yaya zan yi kada abin ya zama hargitsi?

Malama, ki raba su rukuni-rukuni na biyar ko shida, kowane rukuni da kwalinsa da sunansa. Faɗin kwali kada ya wuce inda hannun yaro zai kai tsakiya ba tare da ya taka ba. Ayyuka su riƙa zagayawa: masu ban ruwa, masu kai ɓawo, masu duba bayan ganye, masu auna tsayi. Ki zaɓi abin da zai nuna kafin hutu, don babu abin da ke karya zuciyar yara kamar su dawo su tarar komai ya bushe. Lissafi da karatu suna nan a ciki: ƙirga iri, auna tazara, rubuta sunan shuka a tsinke. Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, 20 ga Mayu, da Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, 5 ga Disamba, dama ce ta gayyato iyaye. In da tsohon manomi a cikinsu, a ba shi kujera ya yi magana.

Mun girbe. Sai me kuma?

A ci tare, ko da ƙwayar tumatir uku ce, a yanka kowa ya samu, a kai wa maƙwabci in da saura. Amma kada a cinye duka. Ku bar kwanson wake mafi kyau a jikin uwarsa har ya bushe ya riƙa ƙara in an girgiza. Yaro ya ɓare, ya shanya a inuwa, ya zuba a ambulan ko busasshiyar kwalba, ya zana hoton wake a jiki, ku rubuta masa kwanan wata. Karan da ganyen a kai tarin taki, saiwar a bar ta a ƙasa. Ambulan ɗin a ajiye a wuri mai sanyi marar laima, inda zai iya zuwa ya duba, har lokacin shuka ya zagayo.